Mun Je Sayen Gishiri, Mun Komo da Akuya

 Mu biyu ne muka zauna muka rubuta wannan labari, watau maigida da uwargida. Kafin mu ɗauki alƙalami sai da muka yi sharaɗi, cewa ba wanda zai ce "ni" a cikinsa, sai dai "mu". Dalili kuwa shi ne, duk sa'ad da ɗayanmu ya ba da labarin nan shi kaɗai, sai laifin duka ya koma kan wanda ba ya wurin.

Maigida malamin makaranta ne, yana da 'yar gona a tudu, da wani ɗan fegin shinkafa a fadama. Uwargida tana ɗinki a gida. 'Ya'yanmu huɗu ne, ga kuma Kaka, mahaifiyar maigida, wadda take zaune tare da mu tana ƙirga kurakuranmu. Ba mu da dukiya, ba mu kuwa taɓa kwana da yunwa ba. Amma akwai wata cuta da ta daɗe a gidanmu, ba a ba da maganinta a asibiti. Sunanta kasuwa. Muna zaton ta leƙa gidajen waɗansunku ma, shi ya sa muka ga ya kamata mu tona asirin kanmu.

Kasuwa ba ta hutu

Wanda ya zauna a wannan yanki ya sani kasuwa ba ta hutu, sai dai ta sake gari. Ran Litinin tana Shuwarin, kusa da Dutse. Ran Alhamis tana Maigatari, a bakin iyakar Nijar, inda ake kawo raƙuma da shanu da tumaki har ido ya gaji da kallo. Ran Lahadi kuwa sai Gujungu, a ƙasar Taura, kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya. Ita ce tamu, gama daga Jahun ba wani nisa, ka ratsa fadama ka haye kogi, sai ga ka. Can za ka ga gero da dawa da wake da shinkafa, da riɗi da zoɓo, an jibge buhu kan buhu, manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kano da Kudu.

To, ga inda gizo yake saƙa. Kasuwarmu ta zaɓi ranar sujada. Mu kuwa a nan ba mu da yawa, in mutum ɗaya bai zo ba, bencin da yake zama shi zai kai ƙararsa. Ba mu taɓa barin sujada saboda kasuwa ba, wannan muna iya faɗa da gaba gaɗi. Amma gaskiya ɗaya ce, in mai wa'azi ya ce "a ƙarshe" har sau uku bai ƙare ba, akwai idanun da sukan saci kallon agogon bango, namu kuwa suna ciki. Wani Amin mai ƙarfi da kukan ji daga baya, ba kullum ne na jin daɗin wa'azi ba, wani lokaci na tunanin mota ne.

Sai dai jinkirin yana da ladansa. Kasuwar safe ta mai kuɗi ce, ta yamma kuwa ta mai haƙuri. Mai tumatir da mai ɗanyen kifi ba su son komawa gida da kayansu, saboda haka in rana ta karkata sai bakinsu ya yi laushi. Da a ce iyakar abin da mukan saya ke nan, da ba mu da labarin ba ku.

Ciniki iri uku

A gidanmu akwai masu ciniki iri uku. Ta fari ita ce uwargida. In mai kaya ya ce 1,000, sai ta taya 300 ba ko ƙifta ido. Ya ce, "Albarka." Ta ƙara 50. Ya ce, "Haba Hajiya, ko uwar kuɗi ba ki kai ba." Sai ta gyara mayafi ta juya, tana tafiya sannu sannu kamar mai ciwon ƙafa, kunnenta duka biyu suna baya. Ta ce in ba a kira ta kafin taku goma ba, to, kuɗin ke nan da gaske, sai ta zaga ta komo kamar ba ita ba. In an sallama kuma, sai a shiga sabon yaƙi a kan gyara. Wata rana ta yi kusan awa guda tana jayayya a kan naira 50, ta kuwa ci nasara. Kafin mu isa tasha motar Jahun ta cika ta tashi, muka hau babur biyu muka biya ninkin kuɗin mota. Har yau ba ta yarda an yi hasara ba.

Na biyu shi ne maigida. Shi kunyar ciniki yake ji. Da an ce masa "Yallaɓai" ko "Babban Malam", hannunsa ya riga ya shiga aljihu. Mafi haɗari su ne tsofaffin ɗalibansa, waɗanda suka cika kasuwa yanzu. Sai yaro ya rusuna ya ce, "Malam, ai ku iyayenmu ne, ba ciniki tsakaninmu. Ba da abin da ya sauwaƙa." Abin da yakan sauwaƙa ɗin nan kullum ya fi kuɗin kayan. Ga shi kuma ba ya iya wuce abin da aka ce araha ne. Akwai wani akwati a ƙarƙashin gadonmu, in ka buɗe za ka tarar da tocila biyar ba mai kamawa, da rediyo biyu bebaye, da agogon da yake faɗin gaskiya sau biyu a rana. Kowannensu araha ne ranar da aka saye shi. Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma a gidanmu kuɗin ba su cika gane hanyar komowa ba.

Ta uku ita ce Kaka. Ran 1 ga Janairu 1973 aka sake kuɗin ƙasar nan, fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10. Kowa ya bi, ban da Kaka. In an gaya mata kuɗin abu, sai ta rufe ido ta mai da shi fam. Aka ce mata sabulu naira 500 ne. Ta yi shiru, sa'an nan ta dafa kai ta ce, "Fam 250? Sabulu ɗaya? Ai sadakina bai kai fam 10 ba, har da kuɗin gaisuwar iyaye." Takan ba jikokinta labarin zamanin da Murtala ɗaya, watau takardar naira 20 da ta fito a 1977, takan cika kwando har a nemi ɗan dako. Saboda wannan lissafi nata ba ta iya sayen kome. Cikinmu duka ita kaɗai ce takan je kasuwa ta komo da kuɗinta cif.

Kada ku yi wa Kaka dariya da yawa, gama ba ita kaɗai ba ce. Ku je wurin masu dabbobi ku ji, har gobe waɗansu da jaka suke ciniki. Jaka kuwa tun asali fam 100 ce, watau naira 200. Ku riƙe wannan lissafi, za mu bukace shi nan gaba kaɗan.

Kallon hawa a Haɗejiya

Ba a kasuwa kaɗai cutar take kama mu ba, takan bi mu har wurin kallo. Wata ƙaramar Salla wani abokin aikin maigida, mutumin Haɗejiya, ya gayyace mu gidansu mu ga hawan Sarki. Muka yi shiri kamar masu ƙaura: tabarma biyu, da jarkar ruwa, da kwanon dambu, da laima, da Auta a goye.

A mota maigida ya buɗe aji. Ya gaya wa yara yadda kogin Kano da na Chalawa suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, yadda shi kuma yake tafiya gabas ya sadu da na Jama'are, ruwansu ya nufi tafkin Chadi. Ya ba su labarin Sarki Buhari, wanda ya yi tsayayya da Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19. Ya faɗi yadda sojan Ingila suka auka wa garin a watan Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya har aka kashe shi, shi ya sa ake ce da shi Mai Shahada. Ya ce Sarkin da za mu gani, Alhaji Adamu Abubakar Maje, a 2002 ya hau gadon. Da ya waiga domin ya yi tambaya, sai ya tarar ajin duka ya yi barci, har da uwargida.

Hawan kuwa, gani ya kori ji. Ga hakimai kowa da jama'arsa, dawakai sun sha ado, ga 'yan lifidi, ga dogarai da jajayen riguna, algaita da kakaki da tambari suna tashi. In 'yan bindiga suka saki wuta sai ƙasa ta girgiza, Auta ya ƙanƙame wuyan uwarsa. Sa'ad da mahaya suka sako dawakai a guje suka ja linzami gaban Sarki suka ɗaga hannu, har Kaka ta yi guɗa, ta manta da ciwon bayanta. Masu masaukinmu kuma suka cika mu da tuwon shinkafa da miyar kifi, har muka ji kunya.

Da nan muka tsaya, da an yi yawo mai kyau. Amma aka ce ba a zuwa Haɗejiya a komo ba kifi. Muka je wurin masu banda, ga tarwaɗa, ga karfasa, ga bargi. Uwargida ta shiga yaƙinta. Maigida kuwa ya hango wani tuli a gefe, baƙi ƙirin, an ce masa ya fi kifi araha. Har ya fara laluben aljihu, sai mai kayan ya yi murmushi ya ce, "Malam, ka duba da kyau." Ashe busassun kwaɗi ne, waɗanda fatake suke saye su kai Kudu. Ranar dai mutuncin mai kaya ne ya cece mu. Da muka komo gida muka tambayi yara abin da ya fi burge su, muna jiran su ce doki ko kakaki. Suka haɗa baki suka ce, "Ranar da Baba ya kusa sayen kwaɗi."

Ranar gishiri

Yanzu ga labarin da ya sa muka rubuto muku. Wata Lahadi ce a ƙarshen Nuwamba 2021, an gama girbi, an kuma yi albashi. Uwargida ta rubuta abin da za a saya a 'yar takarda: gishiri, kanwa, daddawa, manja, sabulu, allurar keke da zare. Iyakarsa ke nan.

Sai dai kowannenmu ya tafi da wani abu da ba ya cikin takarda. A aljihun ciki na maigida akwai naira 25,000, kuɗin rajistar jarrabawar babbar 'yarmu, wadda take ajin ƙarshe a makarantar kwana. Gobe Litinin za a aika. Ya ce wa kansa sun fi tsira a jikinsa da a bar su a gida. Uwargida kuma ta kwashi adashi ran Juma'a, naira 10,000, ta ƙulle a bakin zane ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa kanta ai kuɗin mace nata ne.

A bakin kasuwa muka rabu, a kan za mu sadu wurin mai rake da la'asar. Gishiri da kanwa kaɗai aka ɗora wa maigida. Abin tsautsayi, hanyar 'yan gishiri ta bi ta wurin 'yan awaki. Ya tsaya, wai kallo kawai. Sai wani dillali ya kama hannun rigarsa ya ce, "Babban Malam, zo ka ga abin arziki." Wata jar akuya ce, gashinta yana ƙyalli, cikinta ya yi tulu. Dillali ya shafa cikin ya ce, "Tagwaye ne, in ba 'yan uku ba. Wata ɗaya ka ba ta. Jaka 130."

Maigida ya ga hanyar tsira ita ce ya yi tayin da ba za a karɓa ba, yadda ya ga uwargida tana yi. Ya ce, "Jaka 100." Dillali ya ce, "Albarka." Maigida ya yi ajiyar zuciya ya juya. Ko taku uku bai yi ba sai ya ji an ce, "Malam, kawo kuɗi. Don kai ne, an sallama." Jama'a suka zuba masa ido. Kun dai san al'ada, wanda ya taya aka sallama masa ya ƙi biya, ya zubar da girmansa, balle malamin makaranta da tsofaffin ɗalibansa suke tsaye suna kallo. Nan take kuma wani lissafi ya zo masa: tagwaye, a yaye su a sayar, kuɗin jarrabawa ya komo har da riba. Abin da lissafin bai gaya masa ba shi ne, jarrabawa ba ta jiran akuya. Ya ƙirga naira 20,000, ya biya la'ada, ya sayi igiya.

A can ɗaya gefen kuwa, uwargida ta sayi manja da sabulu da allura yadda aka rubuta. Tana juyowa sai ta yi arba da jerin tukwane masu murfin gilashi, shida, ƙarama cikin babba. Mai kayan ya ce, "Hajiya, mai 'ya mace ba ta wuce irin wannan." Yarinyar da ake zancen kayan ɗakinta shekararta 16, ko mai sallama a ƙofar gida ba ta da shi. Amma uwargida ta ja ciniki har ta ga ta yi nasara, ta kwance bakin zane ta ba da adashin duka, da sauran bashin naira 3,000 sai Lahadi mai zuwa.

Da la'asar muka sadu wurin mai rake, ɗaya da akuya, ɗaya da kwali a kai. Kowa ya dubi kayan ɗan'uwansa, ba wanda ya ce uffan, gama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Yaron mota ya ce akuya ma sai ta biya kuɗin kujera. Kafin mu iso Jahun ta cinye rabin alayyafon wata baiwar Allah, muka biya, ta kuma zaro takardar cefanen daga aljihun maigida ta tauna.

Kaka tana zaune a tsakar gida. Ta dubi akuya, ta dubi kwali, ta ce, "Sannunku da hanya. Ina gishirin?" Daren nan sai da muka aiki yaro maƙwabta roƙon gishiri. Kafin gari ya waye Kaka ta raɗa wa akuya suna Gishiri, sunan kuwa ya bi ta.

Inda dariya ta ƙare

Ran Litinin da yamma yarinya ta ari wayar wata malama ta kira. Ta ce, "Baba, an ce ran Juma'a za a rufe karɓar kuɗi." Nan fa maigida ya fito da gaskiya. Abin da uwargida ta faɗa ba za mu rubuta shi a mujallar iyali ba. Da ta tsagaita, sai ya ce, "To, Maman yara, ba an kusa ba ki adashi ba? Ki ranta mini." Sai ita ma ta sunkuyar da kai, ta dubi kwalin tukwane.

Kwana biyu ba mu yi wa juna magana ba. Yaronmu na uku ya zama gidan waya: "Ka ce wa babanka tuwo yana kan tebur." "Ka ce wa mamarka na ƙoshi." Ba kuɗin ne kaɗai ya yi mana zafi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, kowannenmu ya gane ɗan'uwansa yana da aljihun da bai san da shi ba, bayan shekara 25 da aure.

Kasuwa ba ta karɓar abin da ta sayar. Ran Alhamis muka buɗe rumbu muka fid da buhun gero da 'yan tiyoyin riɗi, muka sayar a farashin kaka, lokacin da hatsi ya fi kowane lokaci araha. Geron nan kuwa sai da muka sake sayen irinsa a watan Agusta, sa'ad da ya fi kowane lokaci tsada. An dai biya kuɗin jarrabawa ran Juma'a da safe. Da yarinya ta zo hutun Kirsimeti ƙannenta suka ba ta labari duka. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Baba, da kun gaya mini ba kuɗi, ai da na haƙura sai baɗi." Wannan magana ta fi dukan faɗan uwargida shiga jikinmu.

Gishiri fa? Kwana uku da zuwanta cikin ya sace sarai. Ashe dusa ce da kanwa da ruwa aka ɗura mata da safe. Akuya wata biyar take yi ta haihu. Muka ƙirga biyar, muka ƙara ɗaya don kara, ba tagwaye ba tilo. A cikin wannan jira ta ci barkonon da maƙwabciyarmu ta shanya, ta ci gefen tabarmar Kaka, ta kuma ci takardun gwajin yara goma sha ɗaya na ajin maigida, har ya rasa yadda zai yi wa shugaban makaranta bayani.

Ruwa da rashin kuɗi

Daminar 2022 ba za ta fita daga ran mutanen wannan jiha ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992, mutane suka saba da kogi mai ɗan ladabi, ga kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a fadama. A Agusta da Satumba na shekarar ruwa ya zo da ƙarfi ya rasa hanya, sai ya bi gonaki da gidaje, tun daga Ringim har Miga da Kafin Hausa da Auyo da Haɗejiya. An rasa rayuka, mutane da yawa suka koma kwana a makarantu. Mu gidanmu ya tsaya, mun gode wa Allah, amma shinkafarmu ta fadama ko zangarniya ɗaya ba mu yanka ba.

Ba mu gama farfaɗowa ba sai aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A Janairu da Fabrairu 2023 tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi kuwa ba su wadata ba. Albashi yana cikin waya, kana ganinsa ba ka iya taɓa shi. Masu POS suna yankar rabonsu, mai hatsi a Gujungu ya ce shi bai san wata taransifa ba, a ba shi abin da zai ƙirga da yatsa. A karo na fari tun aurenmu muka je kasuwa muka komo da abin da yake cikin takarda kaɗai, ba domin mun yi hankali ba, sai domin ba yadda za mu yi.

A nan ne Gishiri ta biya bashinta. Ashe cikin yawon ɓarnarta ta saba da bunsurun maƙwabta, ta kuwa haifi tagwaye na gaskiya a farkon daminar 2022. Sa'ad da kuɗi suka ɓace, Kaka ta ce wannan ai zamaninta ne ya komo, a yi furfure. Ita da kanta ta ja ɗan bunsuru ɗaya zuwa gidan wani manomi da gonarsa ta tudu ta tsira, ta komo da gero da wake, ba a taɓa ko kwabo ba. Hatsin nan shi ya riƙe mu har aka ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki a watan Maris.

Maigida ya gyara hula ya ce, "To, kun gani? Wa ya sayo akuyar?" Kaka ta ce, "Kai dai yi shiru. Makaho ya taka kuɗi a hanya, ba ya cewa ganinsa ne." Uwargida ta ce, "Allah ne ya rufa mana asiri, Baban yara, ba dabararka ba." A kan wannan dai mun daidaita. Wanda ya faɗa rijiya ya tsinci guga a ciki, ba zai shawarci ɗan'uwansa ya faɗa ba.

Abin da muke yi yanzu

Tun daga lokacin muka kafa wata al'ada. Kowace Asabar da dare, in yara sun kwanta, mukan shimfiɗa tabarma, kowa ya juye abin da yake da shi, na aljihun ciki da na bakin zane, har da na cikin waya. Mu ware baiko, mu ware na makaranta, mu ware na hatsi. Abin da ya ragu shi ne na cefane, shi kaɗai ne kuma yake zuwa Gujungu. Kuɗin ɗinki na uwargida nata ne har yanzu, ba wanda ya ƙwace, amma ba a ɓoye yake ba. Na makaranta kuwa Kaka ce ma'aji. Duk mai son ya karɓa sai ya zauna ta mai da su fam tukuna, ta gaya masa shanu nawa za su saya a zamaninta. Kafin ta gama, sha'awar ta wuce.

Ga kuma waɗansu 'yan dokoki uku da muka biya kuɗi mai yawa kafin mu koya, mun ba ku kyauta. Kada ka taya abin da ba ka yi niyyar saye ba, gama wata rana za a sallama maka. Kada ka shiga kasuwa da kuɗin da ya riga ya sami mai shi. Abin da ya kawo ka kuma, shi za ka fara saye.

Da sanyin da ya biyo baya muka kai yara Baturiya, a ƙasar Kirikasamma, gabas da Haɗejiya, wurin da aka sa cikin jerin fadamun duniya da ake kiyayewa a 2008. Wannan karo dambu da ruwa kaɗai muka ɗauka. Muka ga dinya da kirinjijiya da zalɓe, da garken agwagin ruwa waɗanda mai yi mana jagora ya ce daga Turai suke zuwa kowace shekara, su ƙetare teku da Sahara su yi hunturu a nan, sa'an nan su koma. Auta ya daɗe yana kallonsu, kana ya ce, "Baba, duk wannan tafiya, ba su sayi kome a hanya ba?" Ba wanda ya ba shi amsa, sai Kaka da ta yi tari.

Babbar 'yarmu ta ci jarrabawarta, ta shiga karatun aikin jinya. Tukwanen nan shida suna kan kabad cikin kwalinsu, suna jiran mai sallama. Gishiri ta zama kaka, jikokinta suna cin barkonon maƙwabta. Lahadi mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan an tashi sujada za mu je Gujungu. In kun gamu da wani malami yana tafiya da sauri, ya kau da kai daga wajen 'yan awaki, matarsa tana riƙe da hannun rigarsa, ku gaishe mu, amma kada ku tsai da mu. Gishiri za mu saya.